Ɗanɗanar Sake da Haɗa ta da Sushi a Al'adar Cimakar Japan: Nazari a kan Ma'aunai da Kalmomin Ɗanɗano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda Japanawa suke ɗanɗana Sake, wato giyar shinkafa ta ƙasarsu, da dalilan da suke bi wajen haɗa ta da sushi. An bibiyi yadda ake sarrafa ta, da matakan da ƙwararru suke bi wajen tantance ta, da ma'aunan da ake rubutawa a jikin kwalba, sannan aka waiwayi tarihin sushi da rabe-rabensa. Maƙalar ta nuna cewa haɗin da baƙi suke ɗauka tamkar gadon kaka da kakanni ya ci karo da wata tsohuwar ƙa'idar cin abinci ta Japanawa, kuma abin da ya ba shi gindin zama a yau shi ne sanin sinadaran da ke cikin abincin biyu da kuma tsararrun kalmomin da aka tanada domin bayyana ɗanɗano. A ƙarshe an jawo hankalin manazarta Hausa ga buƙatar taskace kalmomin ɗanɗano na harshen.

Fitilun kalmomi: Sake, sushi, ɗanɗano, umami, cimaka, Japan

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2024, hukumar UNESCO ta sanya fasahar haɗa Sake ta gargajiya cikin jerin al'adun ɗan'adam da suka cancanci kiyayewa, shekara 11 bayan ta yi wa cimakar Japanawa ta gargajiya, wato washoku, irin wannan karramawa a 2013. Wannan ya ƙara jawo hankalin masu nazarin al'adu ga wani fanni da Japanawa suka daɗe suna rubutu a kansa, wato yadda harshe yake kama abin da baki ya ji ya mayar da shi magana.

Matsayin addinin mafi yawan masu karatun wannan mujalla game da kayan maye sananne ne, kuma maƙalar ba ta zo da kira zuwa ga sha ba. Manufarta ita ce fahimtar tsarin da wata al'umma ta gina a kan abincinta, kamar yadda ake nazarin sauran al'adun da ba namu ba.

Kalmar Sake ta yi karo da kalmomin Hausa masu irin rubutunta, saboda haka an rubuta ta da babban harafi a duk inda ta fito. A harshen Japananci kalmar tana nufin kowace irin giya. Idan ana son keɓance ta shinkafa sai a ce nihonshu, a dokar haraji kuma sunanta seishu, ma'ana tatacciyar giya.

2.0 Yadda Ake Sarrafa Sake

Abubuwa huɗu ake buƙata: shinkafa, da ruwa, da yis, da wata irin fumfuna da ake kira koji, wadda masana kimiyya suka sani da sunan Aspergillus oryzae. Darajar wannan fumfuna ta kai ƙungiyar masana harkar tsimi ta Japan ta ayyana ta a matsayin fumfunar ƙasa a shekarar 2006.

Shinkafa sitaci gare ta, yis kuwa ba ya iya cin sitaci sai an mayar da shi sukari. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta tsiron hatsi ne yake yin wannan aiki, kamar yadda ake gani a kunun zaƙi da burkutu. Japanawa ba sa tsirar da shinkafar. Turara ta suke yi, su barbaɗa wa wani kaso nata ƙwayoyin koji, su ajiye a ɗaki mai ɗumi na kimanin kwana 2 har fumfunar ta ratsa ƙwayar. Sinadaran da take fitarwa su ne suke narkar da sitaci ya koma sukari, su kuma farfasa furotin ya koma sinadaran amino. Wannan aiki na biyu shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa nan gaba game da sushi.

Ana zuba kayan haɗin a babbar randa kashi uku cikin kwana 4, sannan a bar su su tsima na kimanin mako 3 zuwa 5. A cikin randa guda koji yana samar da sukari, yis yana mayar da shi barasa a lokaci ɗaya. Shi ya sa ƙarfinta yakan kusanci kashi 20 cikin 100 kafin a sirka da ruwa ya sauko zuwa kashi 15 ko 16. Bayan tata, akan ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65 a ma'aunin Salshiyos domin kashe ƙwayoyin da za su lalata ta. Kundin Tamon'in, wanda limaman wani wurin ibada a Nara suka rubuta, ya nuna ana yin wannan ɗumamawa tun ƙarni na 16, kusan shekara 300 kafin Louis Pasteur ya bayyana hikimarta a Faransa.

2.1 Surfe da Darajojin Sake

Bayan ƙwayar shinkafa ya fi yawan mai da furotin, tsakiyarta kuma kusan zallar sitaci ce. Gwargwadon yadda aka goge bayan, gwargwadon yadda ɗanɗano zai yi sauƙi, ƙamshi ya fito. Ana kiran ma'aunin wannan surfe seimai-buai, kuma yana nuna abin da ya rage na ƙwayar. Idan aka rubuta 60, an zubar da kashi 40 ke nan a matsayin dusa.

A kan wannan ma'auni dokar Japan ta gina darajoji. Honjozo ita ce wadda abin da ya rage bai wuce kashi 70 ba. Ginjo ba ta wuce kashi 60, daiginjo kuma ba ta wuce kashi 50. Kalmar junmai tana nuna ba a ƙara tatacciyar barasa daga waje ba. Inda aka ƙara a cikin waɗannan darajoji, doka ba ta yarda ta wuce kashi 10 na nauyin shinkafar ba. Akwai kuma irin shinkafa da ake nomawa musamman domin wannan sana'a, mafi shahara ita ce Yamada Nishiki ta lardin Hyogo, wadda aka raɗa wa suna a 1936, sai Gohyakumangoku ta Niigata da Omachi ta Okayama.

2.2 Ruwa

Kusan kashi 80 na abin da ke cikin kwalba ruwa ne. Yankin Nada, tsakanin Kobe da Nishinomiya, ya shahara da ruwan miyamizu mai yawan ma'adinai, wanda yake sa yis ya yi aiki da ƙarfi, a samu Sake mai kaifi da ake yi wa laƙabi da giyar maza. Ruwan Fushimi a Kyoto ya fi laushi, tasu kuma ana ce mata giyar mata. Abin da duk masu sana'ar suka haɗu a kansa shi ne gudun sinadarin ƙarfe, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana rina Sake ya ɓata ƙamshinta. Za a ga amfanin wannan ƙyama a sashe na 5.2.

3.0 Kikizake: Fasahar Ɗanɗanawa

Ana kiran ɗanɗanar tantancewa kikizake. Cibiyar binciken harkar tsimi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1904 kuma take Higashi-Hiroshima a yanzu, tana shirya gasar sabuwar Sake tun 1911, kuma irin wannan gasa ta taimaka wajen daidaita matakai da kalmomin da alƙalai suke amfani da su.

3.1 Matakan Ɗanɗanawa

Kayan aikin shi ne kikichoko, wani farin kofin tangaran mai ɗaukar mililita 180, wanda aka zana wa shuɗɗan da'irori biyu a gindinsa ta ciki. Ana kiran zanen janome, wato idon maciji. Farin wurin yana nuna launin Sake, iyakar fari da shuɗi kuma tana nuna garau ɗinta ko gurɓacewarta.

Daga ido sai hanci. Ƙamshin da yake tashi daga kofi kafin a kai baki sunansa uwadachi-ka. A Sake ta ginjo yakan yi kama da na ayaba ko tuffa ko kankana, alhali babu ɗan itace ko ɗaya a ciki. Yis ne yake samar da shi idan aka bar shi ya yi aiki a hankali cikin sanyi. Daga nan mai tantancewa zai kurɓi kaɗan, ya juya shi a harshe, ya ja iska ta baki ya fitar ta hanci. Ƙamshin da ya ji a wannan hali suna daban gare shi, wato fukumi-ka. A ƙarshe zai tofar, ya saurari abin da ya rage a baki. Idan ɗanɗanon ya yanke tsaf ba tare da ya bar nauyi ba, an ce yana da kire. Idan yana da kauri da zurfi, an ce yana da koku. Ɗanɗanon da ya yi hayaniya, ya fita daga tsari, shi ne zatsumi, warin tsufa mara daɗi kuma hineka.

Tsofaffin masana sana'ar sun ce Sake ta gari ita ce wadda ɗanɗano biyar suka daidaita a cikinta: zaƙi, da tsami, da yaji, da ɗaci, da bauri. Abin lura shi ne kowanne daga cikin biyar ɗin yana da kalma guda tsayayya a Hausa.

3.2 Ma'aunan da ke Jikin Kwalba

Lamba ta farko ita ce nihonshu-do, wadda take auna nauyin Sake idan aka kwatanta da ruwa. Sukari yana ƙara nauyi, barasa tana rage shi. Lambar da ke ƙasa da sifili tana nuna alamar zaƙi, ana ce mata amakuchi. Wadda ke sama da sifili tana nuna ƙarancin zaƙi, ana ce mata karakuchi. Lamba ta biyu ita ce san-do, ma'aunin tsami, ta uku kuma amino-san-do, ma'aunin sinadaran amino. Waɗannan biyu galibi suna faɗawa tsakanin 1.0 da 2.0.

Lamba ɗaya ba ta isa hukunci ba. Sake biyu za su iya zama da nihonshu-do iri ɗaya, amma wadda ta fi tsami sai a ji ta fi kaifi da ƙarancin zaƙi, domin tsami yana danne zaƙi a harshe, kamar yadda tsamiya take yi wa sukari a kunu.

3.3 Rukunoni Huɗu da Matakan Zafi

Domin sauƙaƙa wa masu hidima a gidajen abinci, an raba Sake gida huɗu bisa ƙarfin ƙamshi da nauyin ɗanɗano. Kunshu ita ce mai tashin ƙamshi da sauƙin ɗanɗano, kamar daiginjo. Soshu mai sauƙi ce ta kowane ɓangare, kamar yawancin honjozo. Junshu mai kauri ce, ƙamshinta na dafaffiyar shinkafa, kamar junmai, musamman wadda aka haɗa ta tsofaffin hanyoyin kimoto da yamahai masu fitar da tsami irin na nono. Jukushu ita ce wadda aka ajiye shekaru har ta yi launin zuma.

Zafi ma yana da sunaye. Digiri 5 shi ne yuki-bie, sanyin dusar ƙanƙara. Digiri 10 hana-bie, sanyin lokacin furanni. Digiri 35 hitohada-kan, ɗumin jikin mutum. Digiri 40 nuru-kan, digiri 50 kuma atsu-kan. Sanyi yana tsare ƙamshi ya ɓoye nauyi, ɗumi kuwa yana buɗe zaƙi da kauri amma yana korar ƙamshin 'ya'yan itace. Don haka ba kasafai ake ɗumama daiginjo ba, junmai kuwa takan ƙara armashi a digiri 40 zuwa 45.

4.0 Sushi: Asali da Rabe-rabe

Asalin sushi dabara ce ta adana kifi. Akan cusa kifi mai gishiri cikin dafaffiyar shinkafa a danne shi watanni har shinkafar ta yi tsami ta kare kifin daga ruɓewa, sannan a ci kifin, galibi a zubar da shinkafar. Ana kiran wannan narezushi, kuma har yau ana yin irinsa, wato funazushi, a gaɓar tafkin Biwa da ke lardin Shiga. A zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, aka fara zuba ruwan khal a shinkafa domin a samu tsamin ba tare da jira ba.

Nau'in da duniya ta fi sani, wato nigiri, dunƙulen shinkafa ne da aka ɗora wa yankan kifi. Ya bayyana a birnin Edo, Tokyo ta yau, a shekarun 1820, kuma ana danganta shi da Hanaya Yohei. Abincin kan titi ne na masu sauri, kuma dunƙulensa ya fi na yau girma. Khal ɗin da ya sa ya yi araha shi ne akazu, jan khal da ake yi daga dusar da ta rage bayan an tace Sake, wanda Nakano Matazaemon na garin Handa ya fara samarwa da yawa bayan ya kafa masana'antarsa a 1804. Ke nan tun farko akwai jinin Sake a jikin shinkafar sushi.

Da yake babu firji a lokacin, kusan kowane kifi sai an yi masa aiki. Jan naman tuna akan jiƙa shi a shoyu, wato romon waken soya mai gishiri, a kira shi zuke. Kifaye masu ƙyallin fata, hikarimono, irin su kohada da saba, akan yi musu gishiri da khal. Farin kifi, shiromi, akan naɗe shi da ciyawar teku ta kombu. Anago, kifi mai siffar maciji, akan dafa shi a shafa masa tsume, wani romo mai kauri da zaƙi. Tumbin tuna mai kitse, toro, wanda ya fi komai tsada a yau, ba shi da daraja a wancan zamani saboda saurin lalacewarsa. Wannan bambancin aiki shi ya sa sushi bai zama ɗanɗano guda ba, kuma Sake guda ba za ta dace da dukkansa ba.

5.0 Haɗa Sake da Sushi

5.1 Tsohuwar Ƙa'ida

A tsarin cin abinci na gargajiya, Sake da shinkafa ba sa zama tare, domin ana ganin shinkafa ce aka maimaita. A liyafar kaiseki, fitowar shinkafa da miya alama ce ta cewa sha ya ƙare. Abin da yake raka Sake shi ne 'yan ƙananan cimaka masu gishiri. Harshen kansa ya adana shaidar hakan. Kalmar sakana, wadda take nufin kifi a Japanancin yau, asalinta saka da na ne, wato mahaɗin giya. Tsohuwar kalmar kifi ita ce uo. Saboda kifi ne ya fi yawa a cikin mahaɗan, sai sunan mahaɗin ya koma sunan kifi.

Don haka a gidajen sushi masu riƙo da al'ada, baƙo yakan fara da sashimi, wato yankan ɗanyen kifi ba shinkafa, da sauran ƙananan cimaka tare da Sake. Idan aka shiga nigiri sai a koma ga koren shayi mai zafi, wanda a bakin masu sana'ar ake kira agari. Zafin shayin yana wanke kitse daga harshe, haka ma yankakkiyar citta mai tsami da ake kira gari.

Sassaucin wannan ƙa'ida yana da nasaba da kasuwa. Shan Sake a cikin Japan ya kai ƙololuwa a wajen 1973, daga nan ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wancan adadi. A daidai lokacin sushi yana bazuwa a Amurka da Turai, inda aka saba da zaɓa wa kowane abinci giyar inabin da ta dace da shi. Masu sana'ar sun bi sushi zuwa ƙetare, har kuɗin Sake da aka fitar a 2022 ya haura yen biliyan 47. Tsarin bai wa kowane yanka Sake tasa ya bunƙasa ne a cikin wannan yanayi.

5.2 Dalilan Kimiyya

Duk da haka, haɗin bai tsaya a kan talla kaɗai ba. Dalili na farko shi ne ƙarni. Wani bincike da Tamura Takayuki da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar inabi shi ne yake tayar da ƙarni a baki idan ya haɗu da kitsen abincin teku. Sake kusan ba ta da wannan sinadari, saboda ƙyamar da aka ambata a sashe na 2.2. Abin da aka guje wa domin kare launi sai ya zama kariya daga ƙarni.

Dalili na biyu shi ne tsami. Shinkafar sushi ta riga ta sha khal. Tsamin Sake bai kai na giyar inabi ba ko kusa, saboda haka ba ya tara tsami a kan tsami.

Dalili na uku shi ne umami, ɗanɗano na biyar a ilimin kimiyyar yau, bayan zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri. Ikeda Kikunae ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet ne yake ba romon kombu daɗinsa. A 1913 almajirinsa Kodama Shintaro ya gano wani sinadarin, inosinet, a busasshen kifin katsuobushi. Daga baya Kuninaka Akira ya nuna cewa idan biyun suka haɗu, ƙarfin ɗanɗanon yana ninkuwa fiye da jimillarsu. Naman kifi yana tara inosinet sa'o'i bayan an kama shi. Sake kuma, albarkacin aikin koji a kan furotin, ta fi giyar inabi yawan sinadaran amino, ciki har da gulutamet. Shoyu da kombu ma suna kawo nasu. Haɗuwar waɗannan a baki ita ce abin da mai ci yake ji kamar kifin ya ƙara daɗi.

5.3 Yadda Ake Zaɓe

Hanyoyi biyu ake bi: ko a daidaita nauyi da nauyi, ko a wanke baki. Mai yin sushi yakan fara da masu sauƙin ɗanɗano ya ƙare da masu nauyi, Sake ma haka take bin sawu.

Farin kifi irin su tai da hirame, da ika mai ɗan zaƙi a ɓoye, suna son Sake ta rukunin soshu ko ginjo mara hayaniyar ƙamshi, da sanyinta. Salon Niigata da ake kira tanrei karakuchi, mai sauƙi da saurin yankewa, ya yi suna a wannan gurbi. Kohada da saba, masu khal da man kifi, sun fi jituwa da junmai mai ɗan tsami, musamman da ɗuminta. Jan naman tuna da aka jiƙa a shoyu yana buƙatar junmai mai matsakaicin kauri. Toro yana karɓar hanyoyin biyu: ko yamahai mai nauyi ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da kitsensa, ko karakuchi mai kire ta share shi. Anago da romonsa mai zaƙi yana tafiya da mai kauri ko wadda ta kwana biyu a ajiye.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar cewa mafi tsada ita ce mafi dacewa. Daiginjo mai ƙamshin tuffa takan rufe farin kifi ruf, kuma ƙamshin 'ya'yan itace ba ya jituwa da ƙwan kifi ko kifaye masu ƙyalli. Shi ya sa da yawa daga masu yin sushi suke fifita Sake mai kawaici, wadda ba ta gasa da abin da ke kan faranti.

Akwai kuma abin da ya shafi wanda ba ya sha. Romon nikiri da ake shafa wa kifi da romon tsume, dukkansu akan haɗa su da Sake ko mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a tafasa. Matafiyin da yake kiyaye abin da yake ci yana da buƙatar sanin wannan domin ya yi tambaya kafin a zuba masa.

6.0 Abin Lura ga Nazarin Hausa

Umami ba baƙo ba ne a tukunyar Bahaushe. Daddawar kalwa cike take da gulutamet, kuma ƙwayar halittar da take tsimar da ita 'yar gida ɗaya ce da wadda take samar da natto, tsimammen waken soya na Japanawa. Masu haɗa Sake ma sukan ƙaurace wa cin natto a lokacin aiki don kada ƙwayar ta mamaye koji. Haka kuma farin magi na Ajinomoto da ya cika kasuwanninmu ya samo asali ne daga binciken Ikeda, an fara sayar da shi a 1909. Miyar kuka da ta ji daddawa da busasshen kifi tana aiki da ƙa'idar ninkuwa ɗaya da wadda aka bayyana a sama. Abin da ya rage shi ne suna. Mai girki takan ce miya ta yi daɗi ko ta ji haɗi, idan kuma abin ya gaza ta ce ta yi lami, amma waɗannan ba su keɓanta ga wannan ɗanɗano kaɗai ba.

Wannan ba ya nufin Hausa ta gaza. Tana da garɗi, da galmi, da zartsi, da maƙaƙi, da bauri, da ƙarni, da ƙauri, kuma wasunsu sai an yi dogon bayani kafin a fassara su zuwa wani harshe. Bambancin shi ne Japanawa sun tattara nasu kalmomin, sun ba kowace iyaka, sun jingina ta da samfurin da za a iya ɗanɗanawa, sun koyar da ita. Namu kuwa suna bakin mata masu girki da mahauta da masu fura da nono, kuma suna iya sirarewa yayin da ɗanɗanon dunƙulen magi yake maye gurbin kayan miya na gargajiya.

Mai fassara ma yana da darasi a nan. Kalmar karakuchi ta fito daga karai, wadda take nufin yaji, a wasu kare-karen harshen kuma gishiri. Turawa sun fassara ta da kalmarsu mai ma'anar busasshe. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin biyun ya ce Sake mai yaji ko busasshiyar Sake ya ɓatar da mai karatu, domin abin da ake nufi shi ne mai ƙarancin zaƙi. Kalmar ɗanɗano ba ta fassaruwa daidai sai an san abin da ake aunawa da ita.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗanɗanar Sake tsari ne mai matakai, daga ido zuwa hanci zuwa harshe, wanda ma'aunan surfe da zaƙi da tsami da amino suke tallafa wa. Ta kuma nuna cewa shan ta tare da nigiri ya saɓa wa tsohuwar ƙa'idar raba Sake da shinkafa, kuma ya samu karɓuwa ne saboda sauyin kasuwa da kuma dalilai uku da bincike ya tabbatar: rashin sinadarin ƙarfe, da ƙarancin tsami, da ninkuwar umami. Shawarar da ta biyo baya ita ce sassan nazarin Hausa su ɗauki aikin tattara kalmomin ɗanɗano da ƙamshi daga kare-karen harshen, a gwada su a kan cimaka sanannu irin su daddawa da nono da man shanu da kilishi, a tantance iyakar ma'anar kowace tun masu amfani da su suna raye.